Idan Sauti Ya Karɓi Linzami: Yadda Ake Saita Kunnen Na'urar Tsikarar Jiki da Lantarki

Masuncin da ya taɓa damƙar minjirya da hannu ba ya buƙatar malami ya gaya masa cewa jijiyar ɗan Adam tana amsa kiran lantarki. Likitocin da can ma sun san haka. Scribonius Largus, likitan Rum a ƙarni na farko, ya rubuta yadda ake ɗora kifi mai lantarki a kan mai ciwon kai ko ciwon gaɓɓai. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka fito da bayaninsu kan yadda tsikarar wasu jijiyoyi ke toshe hanyar saƙon zafi a laka, kuma wannan bayani ya share fage ga 'yar na'urar rage ciwo da ake kira TENS, wadda masu gashin ƙashi ke liƙa wa marasa lafiya a baya ko a gwiwa. Daga wannan tushe ne wasu kamfanoni a Amurka da Ingila da Jamus, daga baya kuma Sin, suka karkata fasahar zuwa jin daɗin manya a keɓe, suna ƙera akwatunan da ke aika ɗan bugun lantarki ta fallayen da ake liƙawa a fata. ErosTek a Amurka ta yi suna da ET312, E-Stim Systems a Ingila da 2B, DG-Lab a Sin da Coyote mai aiki da manhajar waya. Dukkansu suna da wani yanayin aiki da ya sha bamban da sauran, wato yanayin da na'urar ke sauraron kiɗa ko murya, ta mayar da abin da ta ji ya zama tsikara. A nan masu amfani suka fi yin kuskure, kuma dalilin guda ne. A sauran yanayi hannun mutum ne ke riƙe da ƙarfin bugu, amma a yanayin sauti an raba ikon tsakanin hannu da sautin, kuma sauti bai san inda mutum yake jin zafi ba. Saboda haka duk aikin saiti ya taƙaita ga abu ɗaya: a auna na'urar da sauti mafi ƙarfi da zai iya shiga cikinta tun kafin ya shiga, a ɗaure ta a can.

Sai an fara sanin wace irin na'ura ce a hannu, domin iyali biyu ne masu ɗabi'a daban. Iyali na farko, wanda yawancin akwatunan kasuwa suke ciki, yana ƙera nasa bugun da kansa, gajeru ƙwarai, waɗanda ake auna tsawonsu da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, kamar na TENS da yawanci ke tsakanin 50 zuwa 250. Aikin sauti a nan umarni ne kawai. Na'urar tana duba tudu da kwarin ƙarar, idan kiɗa ya yi sama ta ƙara ƙarfin bugun ko yawansa, idan ya yi ƙasa ta sassauta. Iyali na biyu kuwa shi ne wanda masu haɗa kayansu da hannu suka fi so: ana ɗaukar igiyar sautin kanta, a ƙara mata ƙarfi da amfilifaya, a bi da ita ta taransifoma da abubuwan rage gudu, a kai ta fata kai tsaye. A wannan tsari sautin shi ne lantarkin, babu wani mai tace shi a tsakani. Shi ya sa ba a kunna masa waƙa ta yau da kullum, sai fayilolin da aka tsara musamman, masu ɗauke da amo na ɗaruruwan Hertz zuwa wajen 1000. Amo mai kauri irin na babbar ganga, wanda ke kusa da Hertz 50 ko 60, ya faɗa daidai inda jijiya da tsoka suka fi saurin kamuwa, kuma yana iya fin ƙarfin ƙaramar taransifoma ya gurɓata abin da take fitarwa. Wanda bai ƙware a lantarki ba ya bar wannan iyali ga masu shi. Abin da zai biyo baya ya fi shafar iyali na farko, ko da yake dokar auna mafi ƙarfi ta hau kan duka biyun.

Tsakanin waƙar da ke cikin waya da abin da fata ke ji akwai famfo uku a jere. Na farko ƙarar wayar ko kwamfutar. Na biyu kaifin kunnen na'urar, wato yadda take ninka abin da ya shigo mata, ko da wane suna kamfani ya rubuta a kan maɓallin. Na uku shi ne maɓallin ƙarfin fita na kowane layi, A da B. Waɗannan ukun ninka juna suke yi, ba tarawa ba, kuma a nan lissafin yake ruɗar mutane. Ana auna ƙarar sauti da desibel, kuma ƙarin desibel 6 yana nufin siginar ta ninka sau biyu, ƙarin 20 kuwa sau goma. Maɓallin ƙarar waya, wanda yawanci ke da matakai 15 ko 16, an tsara shi ne don kunne, kowane mataki yana ninkawa, don haka danna shi sau biyu ko uku, abin da kunne zai ɗauka ƙarami, yana iya ruɓanya abin da ke isa na'urar. Kunne yana da haƙuri mai faɗi, yana jin raɗa yana jin tsawa. Fata ba ta da wannan fili. A lantarkin gida, mutum yakan fara jin tsikara a wajen miliamfiya 1, a wajen 10 tsoka ta fara ƙin sakin abin da ta riƙe, kuma 30 shi ne adadin da aka saita na'urorin kariya na gidaje su yanke wuta a kai saboda zuciya. Gajerun bugun waɗannan akwatuna ba daidai suke da wutar soket ba, amma darasin bai canza ba: tazarar da ke tsakanin ji da ƙyar da jin azaba ƴar siririya ce, kuma kiɗa ɗaya yana iya tsallake ta a bugu guda.

A ɗauki waƙar da ta fara da sarewa ita kaɗai, a hankali, na tsawon minti ɗaya. Mai na'ura ya liƙa fallaye, ya kunna, bai ji komai ba. Sai ya murɗa ƙarfin fita, ya ƙara murɗawa, har ya fara jin ɗan motsi mai daɗi. Ana cikin haka jijiyar ta saba, domin ɗabi'arta ce ta rage amsa ga tsikarar da ta daɗe iri ɗaya, sai ya sake ƙarawa kaɗan. Sannan ganguna suka faɗo gaba ɗaya. Idan sarewar tana desibel 20 ƙasa da gangunan, abin da ba baƙo ba ne a waƙa, to siginar da ta shiga na'urar ta ninka goma cikin ƙiftawar ido, alhali an saita maɓallin fita ne da ma'aunin sarewa. Hannu ba zai kai ga maɓalli kafin bugun ya iso ba. Babu abin da ya lalace a na'urar, ta yi abin da aka ce ta yi. Kuskuren yana wurin da aka fara awo.

Gyaran shi ne a juya tsarin, kuma a yi rabin aikin babu komai a jiki. Ana fara haɗa waya da na'ura alhali fallaye suna ajiye kuma ƙarfin fita yana sifili, domin soka ƙaramin filogin nan na milimita 3.5 ko zare shi yana haifar da wata ƙara mai kaifi da na'urar za ta fassara a matsayin tsawa. Sai a nemi wurin da waƙar ta fi ƙara, a kunna shi, a tsayar da ƙarar waya a mataki ɗaya, wajen kashi biyu cikin uku, a ƙudurta cewa ba za a sake taɓa ta ba. Daga nan a koma kan kaifin kunne. Yawancin na'urori suna da fitila ko ɗan layi a allo mai rawa da sauti, kuma abin da ake nema shi ne ya taɓa ƙololuwa a bugu mafi ƙarfi kawai, ya sauko a sauran. Idan ya manne a sama ba ya motsi, mudu ya cika yana zuba: na'urar ta daina bambance ƙarami da babba, komai ya zama ƙarfi ɗaya, an rasa dalilin amfani da sauti tun farko. Idan kuma da ƙyar yake ɗagawa, mutum zai tilasta wa maɓallin fita ya rama, wanda shi ne ainihin tarkon sarewa da ganga. Bayan an daidaita wannan ne za a dakatar da waƙar, a liƙa fallaye da man jel na ruwa mai ɗaukar lantarki, a sake kunna wurin nan mafi ƙara, a ɗaga ƙarfin fita daga sifili sannu a hankali, layi ɗaya bayan ɗaya, har inda ake so bugu mafi tsanani ya tsaya. Nan ne rufin ɗaki. Duk abin da ya rage a waƙar zai zauna a ƙarƙashinsa. Na'urorin da ke aiki da manhaja, irin Coyote, suna ba da damar rubuta iyakar ƙarfi a cikin saiti, kuma wanda yake da wannan dama bai yi amfani da ita ba ya yi sakaci.

Za a ce, to idan an saita da mafi ƙarfi, ai sassan waƙar masu sanyi za su ɓace, ba za a ji komai ba. Gaskiya ne, kuma wannan ƙorafi yana da nauyi. Amma maganinsa ba ɗaga rufi ba ne, ɗaga daɓe ne. Wasu na'urori da manhajoji suna da saitin ƙarfin tushe, wato ɗan bugun da ke ci gaba ko da sauti ya yi shiru, sai sautin ya riƙa hawa da sauka a kansa. Idan aka sa tushen daidai inda aka fara ji, aka sa rufin inda ake so, dukan rawar waƙar za ta faɗa cikin filin da fata ke iya karantawa. Inda na'ura ba ta da wannan, ana iya gyara fayil ɗin kansa a kwamfuta da manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce, a matse tazarar da ke tsakanin sanyi da ƙara, a daidaita ƙololuwar duk fayilolin da za a kunna a jere su zama ɗaya. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Waƙoƙi biyu daga ɗakunan ɗaukar sauti daban suna iya bambanta ƙwarai a ƙara, kuma wayar da ke tsallakawa zuwa waƙa ta gaba da kanta tana rushe awon da aka yi da ta farko.

Akwai wasu saituna uku da ke tsara yanayin tsikarar, ba ƙarfinta kawai ba, ko da yake ba kowace na'ura ke da su duka ba. Na ɗaya shi ne dokin ƙofa, ƙarar da sauti zai kai kafin na'urar ta kula shi. Amfaninsa ya fi fitowa a ɗaki mai fanka ko gurnanin janareta daga waje: idan dokin ƙofar ya yi ƙasa, na'urar za ta riƙa tsikara ba fasawa saboda hayaniyar da kunne ya riga ya manta da ita. A ɗaga shi har fitilar ta mutu a shirun ɗaki, sannan a ƙara kaɗan. Na biyu saurin tashi da saurin sauka. Tashi mai sauri yana sa kowane bugun kalangu ya iso kamar tsinke, tashi mai jinkiri yana mayar da shi kamar igiyar ruwa mai tasowa. Sauka mai sauri tana raba bugu da bugu sarai, mai jinkiri tana haɗe su su zama abu ɗaya mai kumbura da sacewa. Mai farawa ya jinkirta tashin, domin 'yan kason daƙiƙar nan su ne ke ba jiki damar shiri, su ne kuma ke dakushe ƙarar bazata. Na uku shi ne rariya, mai zaɓen wane ɓangaren amo na'urar za ta saurara. Idan aka bar ta ta ji komai, murya da kayan kiɗa duk suna cakuɗewa, tsikarar ta zama ruɗani marar tsari. Idan aka taƙaita ta ga amo mai kauri, sai ta bi ganga kawai, a sami kari mai tsabta da jiki ke iya hasashe. A tsarin siteriyo kuma, hagu yana jan layin A, dama tana jan layin B, don haka kowane layi sai an yi masa nasa awon, musamman idan fallayen ba girmansu ɗaya ba. Ƙaramin falle yana tara lantarki a ɗan wuri, ya fi babba zafi a lamba ɗaya, kuma ƙa'idar na'urorin tsikarar jijiya na asibiti tana gargaɗi idan abin ya wuce miliamfiya 2 a kowace murabba'in santimita. Falle da ya fara ɓanɓarewa ya zama ƙaramin falle ke nan.

Makirufo ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi kowace hanya taurin kai. Fayil yana da ƙololuwar da za a iya nema a auna, ɗaki ba shi da ita. Tari, tafi, buga ƙofa, ko akwatin kansa ya faɗo daga kan gado, kowannensu ya fi magana ƙara nesa ba kusa ba. Tazara ma tana wasa: a fili, duk lokacin da aka rage nisan baki da makirufo da rabi, ƙarar tana hawa da kusan desibel 6, don haka wanda aka auna muryarsa daga bakin ƙofa, idan ya sunkuyo kusa da na'urar, ya ninka siginar sau da yawa ba tare da ya ɗaga murya ba. Mafi muni shi ne zagayen da ke ciyar da kansa: bugu ya yi zafi, mutum ya yi ƙara, makirufo ya ji, bugu ya ƙaru, ƙarar ta ƙaru. Don haka awon makirufo ana yin sa ne da tafi mai ƙarfi dab da na'urar, a wurin da za ta zauna, a kuma sa rufin ƙasa da na fayil. Kada kuma a soka filogin waya a ramin makirufo idan na'urar ta ware masa rami daban, domin makirufo yana ba da 'yan milivolt ne, waya kuwa tana iya kaiwa wajen volt 1, abin da zai cika mudun nan take.

Wani zai ce duk wannan tsoro ne marar tushe, tunda akwati irin 2B da ƙaramin batir mai volt 9 yake aiki, irin wanda ake sa wa makirufon hannu. Amsar ita ce batirin ba shi ne abin da ke isa fata ba. A cikin akwatin akwai abin da ke ɗaga volt ɗin ya ninka sau da yawa, in ba haka ba ba zai ratsa fata ba, wadda idan ta bushe tana iya tsayayya da dubban ohm masu yawa, idan ta jiƙe da gumi ko jel ta sauko zuwa wajen 1000. Wannan ma dalili ne na sake awo kowane lokaci: lambar da ta yi daidai a busasshiyar fatar hunturu ba ita ce ta dace da gumin bazara ba, kuma fata tana ƙara jiƙewa ana cikin amfani. Sannan yanayin sauti yana buɗe wata ƙofar da sauran yanayi ba su da ita, wato igiyar da ta haɗa akwatin da waya ko kwamfuta. Idan wayar tana caji, an shimfiɗa hanya daga soket mai volt 230 zuwa jikin mutum, kuma abin da ya raba su shi ne ingancin cajar da na keɓewar cikin akwatin. Inda kasuwa ta cika da caja marasa inganci, wuta kuma tana ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, wannan caca ce da rai. Waya ta kasance a kan batirinta, kwamfuta a zare ta daga bango. A kuma sa wayar a yanayin jirgin sama, a kashe ƙarar saƙo da ƙararrawa, a kunna fayil da aka sauke maimakon bidiyon intanet mai talla a tsakiya, domin na'urar ba ta san bambancin waƙa da kiran waya ba.

Ƙorafi na ƙarshe ya fi sauran wayo. Masu shi suna cewa daɗin yanayin sauti shi ne bazata, mutum bai san abin da zai zo ba, kuma wanda ya auna komai ya kashe wasan. Amma bazata iri biyu ce. Akwai ta lokaci da salo, yaushe bugu zai zo, a wane layi, da wane kari, kuma awo bai taɓa wannan ba ko kaɗan. Akwai kuma ta girma, wato rashin sanin iyakar abin da zai iya faruwa, kuma wannan ba ya ƙara wa kowa daɗi, sai dai ya sa jiki ya ɗaure yana jiran mugun abu. Wanda ya san rufin yana nan shi ne ke iya sakin jiki. Haka abin yake idan mutum biyu ne, ɗaya riƙe da na'ura ko makirufo: wanda fallayen ke jikinsa shi ke faɗin inda rufi zai tsaya, da yardarsa aka fara, kuma dole ya kasance yana da hanyar tsayar da abin nan take, da kalmar da aka yi ittifaƙi a kai ko da maɓallin kashewa kusa da hannunsa.

Akwai iyakokin da babu saitin da ke ɗage su, kuma kamfanonin da kansu suna rubuta su a takardar da ke cikin kwali. Fallaye ba sa hawa sama da ƙugu, kada lantarki ya ratsa ƙirji, wuya ko kai, kuma riƙe falle ɗaya a hannu alhali ɗayan yana jiki ko a ɗaya hannun yana iya buɗe wannan hanya. Ba a liƙawa a kan rauni ko fatar da ta yi kumburi. Ba a matsar da falle sai an mayar da ƙarfi sifili. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ko wata na'urar lantarki da aka dasa a jiki, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya da mai juna biyu, duk ba nasu ba ne. Kuma tunda ba a sayar da yawancin waɗannan akwatuna a matsayin kayan asibiti, ba lallai ne su bi ta tantancewar da TENS ke bi ba, don haka akwati marar suna mai arha daga kasuwar intanet ba abin amincewa ba ne. Duk wanda ya ji bugun zuciyarsa ya rikice, ko jiri, ko ciwon ƙirji, ya kashe na'urar ya nufi asibiti, ya kuma gaya wa likita ainihin abin da ya faru ba tare da ɓoye-ɓoye ba.